Motar da ta tsaya cikin sakan ɗaya: muhawara kan jingar fiziks

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum 'yan uwa da iyayenmu na wannan zaure. Don Allah a taimaka mini, gobe Litinin zan miƙa jinga kuma tun la'asar nake kan tambaya ɗaya. An ce mota tana gudun kilomita 72 a awa, direba ya taka birki, ta tsaya bayan ta ci mita 40. A nemo raguwar gudunta da lokacin da ta ɗauka kafin ta tsaya. Na yi amfani da v² = u² + 2as (v gudun ƙarshe, u gudun farko, a sauyin gudu, s tazara), na samu a = −64.8, lokaci kuma sakan 1.1. Abokina ya ce ba haka ba ne amma ya ƙi nuna mini nasa.

Injiniyan Layout: Wa alaikumus salam. Amsa −5 ce, lokaci sakan 4. Rubuta ka kwanta.

Baba Mai Alli: Injiniya, Allah ya shirye ka. Yaro ya zo da ƙishirwa ka watsa masa ruwa a ka. In ya rubuta −5 gobe malaminsa ya ce fito allo ka nuna mana, kai za ka je ka tsaya masa? Ɗana na Ƙofar Marusa, ajiye kalkuletar nan tukuna. Ka taɓa shiga mota daga Katsina zuwa Daura?

Ɗan Ƙofar Marusa: Sau da yawa Baba, can ne gidan kakanninmu.

Baba Mai Alli: Madalla. To ka ɗauka kuna bayan Mashi, direba ya saki mota, allura tana kan 70 da wani abu. Akuya ta faɗo titi, ya taka birki. Ka ce "bismillahi" sau ɗaya, kafin ka rufe baki mota ta tsaya cak. Ka taɓa ganin haka?

Direban Daura: Hahaha. Baba, motar da ta tsaya haka ba birki ya tsayar da ita ba, ko bishiya ce ko bayan tirela. Fasinjan gaba kuwa sai dai a tsinto shi a waje.

Baba Mai Alli: Ka ji mai sana'a. Lambar da ka samu, 64.8, ta ninka jan da ƙasa ke yi wa abin da aka saki fiye da sau shida. Tayar roba a kan kwalta ba ta da wannan riƙon. Tun a nan ya kamata gabanka ya faɗi, ka san akwai abin da ya karkace. Fomularka daidai take, ba ita ce mai laifi ba. Duba lambobin nan biyu da aka ba ka, 72 da 40. Yarensu ɗaya?

Ɗan Ƙofar Marusa: Ɗaya kilomita a awa, ɗaya mita... Kai! Ban mayar da 72 ɗin ba.

Baba Mai Alli: Mayar da shi mu gani. Kada ka ce mini "a raba da 3.6", faɗa mini daga ina 3.6 ɗin ta fito.

Ɗan Ƙofar Marusa: Kilomita 72 mita 72,000 ke nan. Awa ɗaya sakan 3,600. In na raba zan samu mita 20 a sakan. To 0 = 400 + 80a, a = −5. Lokaci kuma 20 a raba da 5, sakan 4. Wallahi ta fito. Na gode Baba.

Injiniyan Layout: To ba amsar da na ba shi tun farko ba ke nan? An ɓata minti ashirin an dawo inda nake.

'Yar FCE: Yaya Injiniya, ba wuri ɗaya aka dawo ba, amma ni ma ina da magana da Baba, a yi mini afuwa. Kullum laifin a kan ɗalibi ake ɗorawa, wai muna haddar fomula kamar karatun aku. To wa ya koya mana haddar? Na yi shekara uku a sakandare ina ajin kimiyya, ban taɓa riƙe agogon awo da hannuna ba sai ana saura mako biyu jarrabawar gwaji ta WAEC. Ranar aka buɗe wani ɗaki da ƙura ta rufe, aka fito da zare da ɗan ƙarfe aka ce wannan shi ne lilon da muke zanawa a littafi tun aji huɗu. Malaminmu in ya shigo baya yake juya mana, ya cika allo da fomula, ya yi misali ɗaya, ya ba da jinga goma. Wanda aka raina haka yaya za a yi ya tsaya tambayar kansa ko amsa ta yi kama da gaskiya? Shi dai lamba ta fito a kalkuleta, alhamdu lillahi.

Baba Mai Alli: Ba ki faɗi ƙarya ba 'yata. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina cin ƙurar alli, kuma ni ma na yi irin wannan koyarwar a shekarun farko, Allah ya yafe mana. Aji mai yara tamanin, manhaja doguwa, shugaban makaranta yana tambayar ina ka kai. Amma ban yarda da cewa sai da ɗakin gwaji ake gane fiziks na matakin farko ba. Rabin abin da ke cikin littafin aji huɗu yana tsakar gidanku. Guga da igiya, turmi da taɓarya, baro, lilon yara, kwalbar ruwan sanyi da ke yin gumi.

Maman Biyu: Ni fa na shigo nan ne saboda 'yan biyuna, ba don na san komai ba, aikin jinya na karanta. Amma akwai abin da ke rikita su kuma na kasa raba musu gardama. An tambaye su nauyin buhun shinkafa mai kilo 50. Hassana ta rubuta 50, Usaina ta rubuta 500. Malami ya ba Usaina maki ya kashe ta Hassana. Yarinya ta dawo gida tana kuka, ta ce ai a jikin buhun ma 50 aka rubuta. Ni kaina na ga kamar an zalunce ta.

Injiniyan Layout: Hajiya, wannan laifin Hausa ne, ba na malami ba. Turanci yana da kalma biyu, mass da weight, mu ɗaya gare mu, nauyi. Shi ya sa nake cewa masu kiran a koyar da kimiyya da Hausa ba su san abin da suke jawowa ba.

'Yar FCE: A'a Yaya, kada ka ɗora wa Hausa. Baturen da ke kan titi shi ma in ya hau sikeli kilo yake faɗa ya kira shi da kalmar da littafin fiziks ya ware wa ɗaya ma'anar. Rikicin a ko'ina yake. Bambancin kawai su sun zauna sun ce a cikin aji ga abin da kowace kalma ke nufi. Mu ma za mu iya.

Baba Mai Alli: Hajiya, ga yadda za ki faɗa musu. Kilo 50 ɗin nan yawan shinkafar ne, abin da littafi ke kira mas. Ko Makka kika kai buhun, ko duniyar wata, tiya nawa ke ciki ba za ta canza ba, tukunya nawa zai dafa ba zai canza ba. Shi kuwa 500 ɗin ƙarfin da ƙasa ke jan buhun da shi ne, abin da wuyan ɗan dako ke ji, kuma da niyuton ake auna shi ba da kilo ba. Ana samunsa in aka ninka 50 da 10, wato jan ƙasa a kan kowane kilo. Goman nan ma taƙaitawa ce, ainihinta wajen 9.8 ne, masu jarrabawa kan ce a ɗauki 10 don sauƙin lissafi. A wata jan bai wuce 1.6 ba, ɗan dako zai ji kamar niyuton 80 kawai, ya ɗauki buhun da hannu ɗaya yana waƙa, alhali shinkafar ba ta ragu da ƙwaya ɗaya ba. Hassana ta amsa tambayar kasuwa, malami kuma tambayar aji ya yi. Ki duba mini takardar Usaina, in 500 ta rubuta tsirara ba ta sa N a gaba ba, da ni ne malamin ita ma sai na zabge mata rabin maki.

Maman Biyu: Na duba. Tsirara ta rubuta. Bari in faɗa wa Hassana ko ta huce.

Direban Daura: Tunda an zo maganar nauyi, ni ma ina da ƙorafi a kan littafinku. Ƙanena da ke Poli ya ce mini wai a lissafi, mota da lodi da mota ba lodi tazara ɗaya suke ci kafin su tsaya. Na ce masa wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe sitiyari ba. Shekara goma sha bakwai ina kan hanyar nan. Ranar kasuwa in na ɗauko mutum goma da buhunan gero a but, tun daga nesa nake fara lallaɓa birki, in ba haka ba sai na wuce inda zan sauke fasinja.

Injiniyan Layout: Ƙanenka ya fi ka gaskiya. Riƙon taya da titi yana ƙaruwa daidai da nauyin da ke kanta. Nauyi ya ninku, riƙo ya ninku, sai mas ɗin ya soke kansa a lissafi. Abin da ya rage shi ne santsin titi da gudun da kake yi. Wannan ba ra'ayi ba ne.

Direban Daura: To Injiniya zo ranar Laraba in ba ka mota da lodi ka soke shi da ƙafarka.

Wani Ɗan Kurkura: 😂😂 Oga ka gama magana.

Baba Mai Alli: Ku tsaya, wannan gardamar ta fi jingar da aka fara da ita daɗi. Injiniya, lissafinka yana da sharaɗi da ba ka faɗa ba. Yana aiki ne in birkin yana da ƙarfin da zai kai tayoyin iyakar riƙonsu, wato abin da ya rage tsakanin roba da kwalta ne kawai. A nan kam lodi ba ya canza tazara sosai. Amma motar haya da ta sha hanya, aka ɗora mata abin da ya wuce wanda aka ƙera ta dominsa, birkinta ne ke gazawa kafin taya ta kai iyakarta. Ƙarfin tsayarwa yana nan yadda yake, mas ya ƙaru, to raba ƙarfi da mas ka gani, raguwar gudu dole ta yi ƙasa. Dokar Niyuton ta biyu ke nan, ita ɗin dai da kake taƙama da ita. Ga kuma zafi: duk ƙarfin tafiyar motar nan a birki yake komawa zafi, lodi ya yi yawa birki ya yi zafi ya saki. Saboda haka direba bai yi ƙarya ba, littafi ma bai yi ba. Littafi wata mota yake magana a kai wadda ba a tashar Daura take lodi ba.

Injiniyan Layout: Na karɓi rabi. Amma a jarrabawa in yaro ya kawo zancen zafin birki zai faɗi.

Baba Mai Alli: Zai faɗi, shi ya sa nake cewa ya karanta tambaya ya ga abin da aka ce ya yi watsi da shi. In an ce titi sumul ne, ko a manta da iska, ko igiya ba ta da nauyi, ba ƙawa aka yi wa jimla ba, ana gaya maka irin duniyar da za ka yi lissafi a cikinta ne. Yara kan tsallake waɗannan kalmomin su tafi farautar lambobi.

Amma Direba, tunda ka ci wannan, bari in ba ka wadda ba za ka ci ba. Da birkin tambayar yaron nan, a gudun 36 mota za ta tsaya a mita 10. A 72, mita 40. A 108, mita 90. Gudu ya ninku biyu, tazara ta ninku huɗu. Ya ninku uku, ta ninku tara. Kuma ban sa lokacin da ido zai gani ƙafa ta kai kan birki ba. Ko sakan ɗaya ne, a 108 ka riga ka ci mita 30 ba ka taɓa komai ba.

Direban Daura: Wannan kam ban musa ba. Mun sha gani.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Ni duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Akwai manhajojin da za ka ɗauki hoton tambaya su warware maka har da bayani. 'Yan ajinmu duk da su suke yi. Zamani ya wuce a zauna ana zana mota da akuya.

'Yar FCE: Ƙanena, ranar JAMB da wayar za ka shiga? A ƙofa za a karɓe ta. Ni ma ina amfani da su, ba zan ɓoye ba, amma sai na gama nawa nake tambaya don in gwada. Akwai ranar da na ɗauki hoton tambaya hasken bai yi kyau ba, manhajar ta karanta 0.5 a matsayin 5, ta jero mini bayani tsaf mai kyan gani, amsa kuma ta ce wai ɗan dutsen da yaro ya harba da danƙo ya yi nisan da ya fi daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga. Da ban tsaya na yi tunani ba da haka zan kwafe.

Ɗan Sabuwar Unguwa: Wannan laifin kyamararki ne Anti.

'Yar FCE: Na yarda. Amma wa ya gano? Ita ko ni?

Ɗan Ƙofar Marusa: Baba, in ba takura, akwai ta biyu. Guga mai kilo 10 ana jawo ta daga rijiya, gudunta yana ƙaruwa da 0.5. A nemo ƙarfin da ke kan igiya. Na rasa wace fomula ce ta guga.

Baba Mai Alli: Babu fomular guga, kamar yadda babu ta akuya. Ɗauki fensir. Zana ɗan akwati, shi ne gugar. Me ke taɓa ta, me ke jan ta? Kowanne ka yi masa kibiya. Kada ka rubuta lamba ko ɗaya sai ka gama zanen.

Ɗan Ƙofar Marusa: Igiya tana ja sama. Ƙasa tana ja ƙasa, 10 sau 10, niyuton 100. Sai kuma ƙarfin tafiyar, shi ma sama.

Baba Mai Alli: Goge na ukun. Wa ke yin sa? In ba za ka iya nuna mini da yatsa abin da ke ja ko turawa ba, babu shi. Tafiya sakamako ce, ba mai ja ba ce. Kibiya biyu gare ka. Wacce ta rinjaya, kuma da nawa?

Ɗan Ƙofar Marusa: Ta sama, tunda gudun ƙaruwa yake. In T ne ƙarfin igiya, T − 100 = 10 × 0.5. T = 105.

Baba Mai Alli: 105 me? Awaki?

Ɗan Ƙofar Marusa: Niyuton, Baba. 😅

Maman Biyu: Ashe shi ya sa tsohuwar igiya ba ta tsinkewa sai lokacin fizgar farko. Tun muna yara a gidanmu ake faɗa mana kada a fizgi guga, a ɗago ta a hankali. Mun sha zura ƙugiya neman wadda ta faɗa.

Baba Mai Alli: Hajiya kin riga yaran ganewa. In guga tana tahowa da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, igiya 100 kawai take ɗauke da shi, daidai da in tana rataye. Fizga ce ke ƙara mata kaya. Wannan wurin yana kayar da ɗalibai da yawa, sun ɗauka duk abin da ke tafiya sama dole jan sama ya fi.

Wani Ɗan Kurkura: Baba ni ban yi nisa a boko ba amma ina bin ku. Tambayata, da gaske ne in aka saki dutse babba da ƙarami daga saman Gobarau tare za su iso ƙasa? Hankalina ya ƙi ɗauka.

Baba Mai Alli: Hankalin mutane ya ƙi ɗauka shekaru aru-aru kafin Galiliyo ya zauna yana gangaro da ƙwallaye a kan katako yana auna lokaci. Hasumiyar Gobarau wajen mita 15 ce. Dutse zai iso ƙasa cikin sakan 1.7 da ɗan ɗoriya, yana gudun da ya haura kilomita 60 a awa, babba ne ko ƙarami. Abin da ke ruɗa mu iska ce, ita ke riƙe takarda da gashin kaza. A 1971 wani ɗan sama-jannatin Amurka, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata inda babu iska, suka faɗi tare, kuma an ɗauki hoton bidiyonsa. Amma kada ka je Gobarau ka ce ni na aike ka. Hau kan kujera a gida, ka saki rabin bulo da ɗan tsakuwa, ka saurari ƙararsu.

Ɗan Ƙofar Marusa, ga taka jingar daga wurina. In akwai rijiya a gidanku, saki tsakuwa, ka auna da agogon waya daga saki zuwa jin "tsulum". Sau uku. Ka lissafa zurfin, sannan ka auna igiyar guga ka gwada.

Injiniyan Layout: Sai ya cire lokacin da ƙara ke ɗauka ta hauro. Sauti wajen mita 340 yake ci a sakan.

Baba Mai Alli: Bar shi ya fara ganin giɓin da idonsa tukuna, Injiniya. Kai dai ba ka iya riƙe amsa a ciki.

Ɗan Ƙofar Marusa: Salam, na dawo. An miƙa jinga lafiya. Na yi gwajin rijiyar da asuba kafin in tafi makaranta. Na samu 1.6, 1.9, 1.8. Matsakaicinsu wajen 1.77. Rabin 10 sau 1.77 sau 1.77 ya ba ni mita 15.7. Igiya daga baki zuwa inda ta jiƙe gaba takwas da rabi ce, gabana kuma na auna da tef ɗin telan gidanmu, mita 1.7. Wato mita 14 da rabi, saura kaɗan. Akwai bambancin mita ɗaya da 'yan kai.

Injiniyan Layout: Ka ga abin da na faɗa. A zurfin nan sauti zai ci kamar 0.04 na sakan. Faɗuwar kanta 1.7 ce. Haɗa su ka samu 1.74. Sauran ɗan abin da ya rage babban yatsanka ne a kan waya.

'Yar FCE: Lambobinsa ma daga 1.6 zuwa 1.9 suke yawo, Yaya. Yatsan ya fi sautin ɓarna nesa ba kusa ba. Ya ƙara yi sau goma mu ga inda za su taru.

Ɗan Ƙofar Marusa: Anti ba zai yiwu ba. A jifa na uku Inna ta fito alwala ta kama ni ina zuba duwatsu a ruwan da muke sha. Na ce mata Baba Mai Alli ne ya sa ni, ta ce a tambaye shi ko shi zai biya mai yasar rijiya.